Yadda Za Ka Tara Kalmomin Turanci Su Zauna Maka a Kunne da Baki

Ina aji huɗu a sakandare na sayi sabon littafin rubutu, na ari ƙamus ɗin yayana, na ƙudura a raina sai na haddace shi daga A har Z. Kullum bayan isha'i sai in kwafi kalma 20 da ma'anarsu. Ban kai ƙarshen harafin B ba na gaji, da na koma shafin farko bayan wata biyu kuwa, na kalli kalmomin suka kalle ni, babu wanda ya san wani.

Abin kunyar ya zo ne shekaru bayan haka, ranar da na je neman aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi. Aka miƙo mini takarda aka ce in karanta sakin layi ɗaya a bayyane. Babu kalmar da ban san ma'anarta ba. Amma na karanta *debt* da b ɗinta, na karanta *receipt* da p ɗinta, *determine* kuwa na ƙarasa ta da "main". Wata dattijuwa cikin masu tantancewar ta sauke tabarau ta ce, "Ɗana, da ido kaɗai ka san kalmomin nan. Kunnenka bai taɓa gaisawa da su ba."

Gaskiya ta faɗa. Yawancinmu a takarda muka haɗu da Turanci, shi ya sa muke karanta shi kamar Hausa, kowane harafi mu ba shi haƙƙinsa. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ita ce wadda na bi na gyara nawa, kuma da ita nake koyar da masu zuwa darasin yamma. Kowace kalma za ka kama ta ta wuri uku: yadda ake furta ta, abin da take nufi, da kalmomin da take tafiya tare da su.

Mataki na farko: rage buri, ka zaɓi kalmomin da za su yi maka aiki

Kalmomin Turanci sun kai dubu ɗaruruwa, kuma babu Baturen da ya san su duka. Waɗanda ake jujjuyawa kullum ba su taka kara sun karya ba. Tun 1953 wani malami ɗan Ingila mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal, ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a rubutun Turanci. A yau akwai irinsa da ake kira Oxford 3000, kyauta a intanet. Buɗe shi ka bi da ido, duk kalmar da ba za ka iya sa ta a jimla ba ka ɗiga mata alama. Za ka sha mamakin yawan ƙananan kalmomin da kake tsallakewa alhali kana farautar manya irin su *magnanimous*.

Hanya ta biyu ta samun kalmomi ita ce sana'arka. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya fi bukatar *faulty*, *replace*, *warranty* da *compatible*. Ɗalibar jinya ta fi bukatar *swollen*, *dose* da *discharge*. Mai shirin JAMB ko WAEC ya tsinto nasa daga tsofaffin takardun tambayoyi. Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk kalmar da ta tare ni sau uku a wurare daban-daban, to ta cancanci in tsaya mata.

Kalma biyar a rana ta wadatar. Na san za ka raina. Amma biyar sau shida talatin ke nan a mako, a shekara ka haura 1,500, kuma waɗannan naka ne, ba aro ba.

Mataki na biyu: samu ƙamus na masu koyo, ka iya karanta shi

Ƙamus na Turanci zuwa Hausa yana da amfani a farko, irin wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990. Sai dai da zarar ka fara tsayawa da ƙafafunka, ka koma ga ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi don baƙin harshen. Mafi shahara a makarantunmu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, aikin A. S. Hornby, malamin da ya koyar da Turanci a Japan ya ga inda baƙo yake tuntuɓe. Na Longman kuma yana bayyana kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi kimanin 2,000 kawai. Oxford da Cambridge duk suna da shafin intanet na kyauta, kuma kusa da kowace kalma akwai alamar lasifika guda biyu, ɗaya furucin Ingila, ɗaya na Amurka. Zaɓi ɗaya ka riƙe. Mai jarabawar WAEC ko NECO ya riƙe na Ingila, don shi ake bi a takardar gwajin furuci.

Idan ka buɗe kalma, kada ka yi tsalle ka faɗa kan ma'ana ta farko ka rufe. Dubi rubutun da ke tsakanin sanduna biyu masu jirkice, shi ne furucin. Dubi ko kalmar suna ce ko aikatau ko sifa. In suna ce, duba ko an sa mata C (mai ƙirguwa) ko U (marar ƙirguwa). Mai U ba ta ɗaukar jam'i, shi ya sa babu *informations*, babu *advices*, babu *furnitures*, babu *equipments*, ko da kuwa ka ji wani babba ya faɗa a rediyo. Daga nan ka karanta jimlolin misali, waɗanda su ne naman ƙamus ɗin, amma su aka fi tsallakewa.

Manhajar fassara ta waya tana fitar da mutum kunya idan yana sauri. Sai dai ma'ana ɗaya take miƙo maka ta yi shiru, ba za ta ce maka kalmar tana da wasu shida ba.

Mataki na uku: ji kalmar kafin ka rubuta ta

A nan zan daɗe, don nan ne gizo ke saƙar.

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai 44 a lissafin furucin Ingila, kusan 20 daga ciki wasula ne. Ke nan rubutu ba zai taɓa zama amintaccen jagora ba. Dubi *though*, *through*, *tough*, *cough* da *thought*: haruffa huɗu iri ɗaya a cikinsu, furuci biyar mabambanta. Don haka duk sabuwar kalma, danna lasifikar sau uku kana saurare, idonka a rufe. Sannan ka maimaita sau biyar da murya, ba a zuci ba. Sai bayan haka alƙalami ya taɓa takarda.

Ba sai ka haddace dukkan alamomin furuci ba. Kaɗan ne za su yi ta dawo maka: θ da ð na *th*, ʃ wanda shi ne sh ɗinmu, ə wanda zan yi bayaninsa, da ɗigo biyu masu nuna an ja wasali, kamar iː a *sheep*.

Yanzu ga wuraren da harshen Bahaushe ya saba zamewa. Ba laifin kowa ba ne, tsarin Hausa ne yake bin mu.

*P da f.* Hausa ba ta da p a matsayin sauti mai cin gashin kansa, kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa yake yawo tsakanin f da p da h. Bakano ya ce tafi, Basakkwace ya ce tahi. Da kalmomin Turanci suka shigo mana, galibin p ɗinsu ya koma f: fensir, fasinja, fenti, famfo, firamare, fasfo. Wani ɗalibina mai shagon kwafin takardu ya taɓa ce mini, "Malam, ni fa wallahi *copy* da *coffee* abu ɗaya nake ji." Na yago 'yar takarda na ce ya riƙe ta a gaban bakinsa, tazarar yatsa biyu. Na ce ya rufe leɓɓansa ruf, ya tara iska, ya sake ta lokaci guda ya ce *pan*. Takardar ta yi tsalle. Sannan na ce ya ɗora haƙoransa na sama a kan leɓen ƙasa, ya bar iska ta tsiyaya ya ce *fan*. Takardar ta ɗan karkata kawai ta tsaya. Ya yi dariya ya ce ashe haƙori ne sirrin. Shi ne kuwa. Juya kyamarar wayarka ta kalle ka: in ba ka ga haƙoranka na sama ba, ba f na Turanci ka yi ba. Yi atisaye da tagwayen kalmomi: *pull* da *full*, *pool* da *fool*, *pile* da *file*, *pin* da *fin*.

*V da b.* Labarin ɗaya ne. Direba, bidiyo, biza, talabijin, duk v ne ya koma b. Wurin furta v daidai yake da na f, haƙora a kan leɓe, bambancin kawai maƙogwaro yana kaɗawa. Ɗora yatsa a wuyanka ka ja fff sannan ka ja vvv, za ka ji rawar. Gwada *vote* da *boat*, *vest* da *best*, *van* da *ban*.

*Th.* Wannan ma ya fi sauƙi ga duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi. Sautin da ke *think* shi ne ث, wanda ke *this* kuma shi ne ذ. Kan harshe ya leƙo tsakanin haƙora, iska ta wuce. Abin mamaki, na ga mahaddatan da ba sa kuskuren waɗannan haruffa a karatu, amma da sun juyo Turanci sai su ce "sink" a wurin *think*, don ba wanda ya taɓa gaya musu abu ɗaya ne. Tagwayen atisaye: *thick* da *sick*, *mouth* da *mouse*, *breathe* da *breeze*, *then* da *den*.

*Cunkoson baƙaƙe.* Hausa ba ta son baƙaƙe su yi cincirindo a farkon kalma, kuma galibin kalmominta da wasali suke ƙarewa. Shi ya sa *bread* ya zama burodi, *brake* ya zama birki, *bucket* ya zama bokiti. A Hausa wannan ado ne, a Turanci kuwa ƙarin kaya ne. Maganinsa a hankali ake sha. Don *street*, ja sss kamar kana kiran mai acaɓa, sannan ka faɗa kan *treet* ba tare da ka buɗe baki a tsakani ba. Ka lura da ƙarshen kalma ma: *help* gaɓa ɗaya ce, ba "helef" ba, *film* ma ɗaya ce, ba "filim" ba. Haka *-ed* na shuɗaɗɗen lokaci: a *walked* da *stopped* t ake ji, a *played* da *called* d ake ji, ba ya zama gaɓa mai zaman kanta sai bayan t ko d, kamar *wanted* da *needed*.

*Wasula.* A nan muna da jari. Kai da kake bambance garin Kano da garin masara ba tare da ka tsaya tunani ba, kunnenka ya riga ya san gajeren wasali da dogo. Yi amfani da shi a kan *ship* da *sheep*, *live* da *leave*, *fill* da *feel*. Masu wuyar su ne waɗanda ba mu da su sam. *Hat*, *hut*, *heart*, *hot* da *hurt* kalmomi biyar ne da wasula biyar, amma mukan narkar da su su koma biyu. *Work* da *walk* ma haka. Waɗannan sai da yawan saurare, kana danna ɗaya kana danna ɗaya, har kunne ya raba su. In kunne bai raba ba, baki ba zai raba ba.

*Gaɓar da ake dannawa.* Hausa harshe ne mai karin sauti, murya ta hau ta sauka, amma kowace gaɓa tana samun rabonta. Turanci ba ya wannan adalcin. Gaɓa ɗaya yake ɗorawa nauyi, sauran ya murƙushe su, wasalinsu ya koma wani ɗan sauti maras ƙarfi da ake rubutawa ə, kamar a farkon *about* da ƙarshen *teacher*. Shi ne wasalin da ya fi kowane yawa a maganar Turanci. A ƙamus za ka ga 'yar sanda a sama kafin gaɓar da ake dannawa. Buga tebur a kanta yayin da kake furtawa: PHOtograph, phoTOgrapher, photoGRAphic. Wani lokaci dannawar ce kaɗai ke raba suna da aikatau, kamar REcord da reCORD, ko PREsent da preSENT. Akwai waɗanda muka saba juyawa a Najeriya: comMITtee ne, sucCESS ne, CHALlenge ne. Wata 'yar ƙa'ida mai rage wahala: kalmar da ta ƙare da *-tion* ko *-ic*, galibi gaɓar da ke gabanin wannan ƙarshen ake dannawa, kamar eduCAtion da ecoNOmic. A ganina kuskuren dannawa ya fi kuskuren p da f hana baƙo fahimtarka, amma shi ne aka fi sakaci da shi a aji.

Sai haruffan da ake rubutawa ba a furtawa. Ware musu shafi guda a littafinka, duk wanda ka tsinta ka soke harafin da jan biro: b a *debt*, *doubt*, *comb* da *plumber*, k a *knife*, s a *island*, h a *honest* da *hour*, t a *listen* da *castle*, p a *receipt*.

Mataki na huɗu: kama ma'ana a cikin jimla

Ka ɗauka wani Bature yana koyon Hausa, ya rubuta a littafinsa cewa "ci" yana nufin *eat*. Sai ya fita kasuwa ya ji an ce wane ya ci jarabawa, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, wance ta ci ado, an ci tarar direba, kasuwa tana ci. Ina zai sa kansa? To haka muke yi wa Turanci idan muka rubuta kalma ɗaya da fassara ɗaya. *Charge* kuɗin da aka caje ka ne, tuhuma ce a kotu, cajin waya ne, kuma *in charge* shi ne mai riƙe da ragama. *Fine* lafiya lau ne, tara ce kuma. Kada ka kwashi ma'anonin duka rana ɗaya. Ɗauki wadda ta dace da inda ka tsinci kalmar, ka leƙa sauran don ka san suna nan, ka bar su sai sun tare ka.

Abu na biyu, kowace kalma tana da abokan tafiya, kuma ba hankali ne ya haɗa su ba, sabo ne. Mu muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, mu sha iska, mu sha wahala. Bature kuwa *drink water* yake yi, amma *take medicine*, kuma *smoke*. Wanda ya ce *drink medicine* Hausa ya yi da kalmomin Turanci. Haka "ji": muna jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Turanci, su kuwa sun raba shi *hear*, *smell*, *feel* da *understand*. "Ara mini" ita ta haifi *borrow me*, alhali mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa ne ke yin *borrow*. Saboda haka kada ka rubuta *mistake* ita kaɗai, rubuta *make a mistake*. Kada ka rubuta *attention*, rubuta *pay attention to*. *Heavy rain*, *commit a crime*, *interested in*, *depend on*. Ka ɗauke su a dunƙule kamar ƙullin goro.

Kalmomin aro da ke cikin Hausa jari ne, amma a taka a hankali, don wasu sun sauya sheƙa bayan sun shigo. Kanti daga *canteen* ya fito, amma *canteen* wurin cin abinci ne, ba shago ba. Famfo daga *pump* ne, amma wanda kake murɗawa a tsakar gida *tap* ne. Mota daga *motor* ce, amma abin hawan *car* ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci suna da nasu jarin, domin tun bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Turanci. Su ma da nasu tarkon: *library* ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba, *actually* kuma "a gaskiya" take nufi, ba "a yanzu" ba.

Wani abin lura shi ne Turancin gida. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya, ciki har da *okada*, *danfo* da *Kannywood*. Ke nan ba abin kunya ba ne. Sai dai ka san wanne ne na gida, wanne ne na ko'ina. *Next tomorrow* zai kai ka Legas lafiya, amma a takardar neman gurbin karatu a waje *the day after tomorrow* za ka rubuta.

Mataki na biyar: jawo dangin kalmar

Yadda ɗinka ta haifi maɗinki, noma ta haifi manomi, karanta ta haifi makaranta, haka Turanci yake haihuwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Ka koyi *employ*, sai ka leƙa ƙasa da ita a ƙamus: *employer* mai ɗauka aiki, *employee* wanda aka ɗauka, *employment*, *unemployment*. Jifa ɗaya, tsuntsu biyar. *Un-* da *dis-* suna korewa, *re-* maimaitawa, *mis-* yin abu ba daidai ba. Saiwar *port* ta Latin ɗauka take nufi, ga ta a *transport*, *import*, *export* da *portable*. Amma ka saurari kowane ɗan dangi daban, don dannawa tana ƙaura, kuma wani lokaci ƙa'idar tana yaudara. *In-* ma yakan kore, amma *invaluable* abu ne mai matuƙar daraja. *Inflammable* da kake gani a jikin tankar mai kuwa ba cewa take ba ya kamawa da wuta ba, cewa take maza ka ja da baya.

Mataki na shida: yi kati, ka tsara bita

Mantuwa ba alamar daƙiƙanci ba ce. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa sabon abin da aka haddace yana zubewa da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bita jefi-jefi tana rage zubewar. Alarammomi ba su jira shi ba, tun tuni suka san wanda ya bar tilawa haddarsa za ta gudu. Abin da ya kashe littafina na sakandare ke nan: kullum sabo, babu waiwaye.

Sayi farin kwali ka yanka shi girman katin shaida. A gaba rubuta kalmar kaɗai. A baya rubuta abu huɗu: furucin da gaɓar dannawa da manyan haruffa, gajeriyar ma'ana da Hausa, abokiyar tafiyarta, da jimla ɗaya taka ta kanka. Jimlar ta shafi rayuwarka. Don *postpone*, kada ka kwafi ta ƙamus, rubuta cewa an ɗage bikin ƙanwarka zuwa bayan salla. Abin da ya taɓa ka ya fi zama.

Samu gwangwani uku, ko ambulan uku. Wannan dabarar wani ɗan jarida Bajamushe ce, Sebastian Leitner, daga shekarun 1970. Sabon kati yana shiga na farko, wanda ake dubawa kullum. In ka ga kalmar ka furta ta daidai, ka faɗi ma'anarta, ka sa ta a jimla ba tare da ka juya katin ba, ta ƙaura zuwa na biyu, wanda ake dubawa duk bayan kwana uku. In ta sake tsallakewa ta koma na uku, na ranar Asabar. Duk wadda ta kuɓuce maka, ko daga ina take, ta dawo na farko. Kada ka yi wa kanka sassauci da "ai na kusa tunawa". Kusa ba ta kai ba.

Lokaci-lokaci ka juya wasan: kalli Hausar da ke baya ka nemo Turancin. Wannan ya fi wuya, kuma shi ne irin abin da magana take bukata. Mai son na waya akwai manhajar Anki, ita ke lissafa ranar bita da kanta. Ni dai na fi son kwali, ba ya cin caji, ba ya kuma jan ka zuwa TikTok. Ɗaure na ranar da roba ka jefa aljihu, minti goma a layin banki ko a cikin adaidaita sun isa.

Mataki na bakwai: fitar da su kasuwa

Kalmar da ke kwance a gwangwani ba ta zama taka ba tukuna. Nemi gajeren sauti mai rubutu a tare da shi. Shirin 6 Minute English na BBC ya dace, minti shida ne, ana iya sauke shi a ajiye. Saurara sau ɗaya ba ka kallon rubutun. Saurara na biyu kana bi da ido, kana ja wa sababbin kalmomi layi. A na uku ka zaɓi jimla biyar, ka riƙa tsayar da sautin kana maimaitawa, kana kwaikwayon hawa da saukar muryar, kamar yadda ɗalibi yake bin bakin malam a karatun allo.

Sannan ka naɗi muryarka. Buɗe WhatsApp ka aika wa kanka saƙon murya na minti ɗaya, kana ba da labarin yininka da kalmomi biyar na ranar. Saurara, ka gwada da na ƙamus. Karon farko ba za ka ji daɗi ba, kowa haka ya ji. Ka zaɓi kuskure ɗaya tak ka bi shi mako guda, misali f, ka ƙyale sauran. In ka samu aboki mai irin burinka ku riƙa musayar saƙon, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abu ɗaya, to madalla.

Za a yi maka dariya, musamman ranar da ka fara cewa sucCESS a majalisa, a ce wane ya zama Bature. Bar su. Ba so ake ka koma ɗan Landan ba, kowace al'umma da ɗanɗanon harshenta a Turancinta. Abin nema shi ne in ka ce *pull* kada a ji *full*, in an ce *leave* kada ka ji *live*.

Idan tafiya ko rashin lafiya ko hidimar biki ta raba ka da katunan kwana goma, kada ka ce za ka rama da kalma hamsin rana ɗaya. Dakatar da sababbi gaba ɗaya. Juye gwangwani na biyu cikin na farko, ka yi kwana uku kana bitarsu da murya, sai ka ga sun fara komawa wurarensu, sannan ka ci gaba da biyar ɗinka.